Fentin Drylok a bangon besmen: ya min aiki, amma sai da na jira shekara ɗaya da rabi

Ranar sunan 'yar autarmu a besmen, wato hawan ƙarƙashin gida, muka shimfiɗa wa maza darduma, mata suna sama, to tun daga ranar kusan mutum biyar sun kira ni kuma ba barka suke ƙara min ba, tambaya ɗaya ce, wai wane fenti na shafa wa bangon nan da ya yi fari tas kuma ba warin danshi ko kaɗan. Biyu daga cikinsu sabon gida suka saya ko kwalayensu basu gama kwancewa ba amma har suna shirin zuwa shago wannan satin. Na gaji da maimaita zance a waya shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Sunan fentin Drylok Extreme, kuma eh ya min aiki, amma don Allah in gidanka sabo ne dal kar ka tsaya a nan ka ruga saye, don ni sai da na yi shekara ɗaya da rabi a gidan kafin buroshi ya taɓa bangon, kuma wallahi jiran nan ya fi fentin amfani a wajena.

Ga 'yan uwa na gida da za su ce me ya kai mutum zama a rami, besmen wani hawa ne guda a ƙarƙashin gida, cikin ƙasa. A nan arewacin Amurka sanyi yana daskarar da ƙasa ta kumbura, in harsashin gini bai wuce iyakar daskarewar ba sai ta ɗaga shi ta fasa. Mu nan wajen Kolombos a jihar Ohayo sai an haƙa kusan ƙafa uku, 'yan Minesota kuwa inci 42 ne a kudu, 60 a arewa. To tunda dole sai an haƙa, sai magina su ƙarasa ramin ya kai ƙafa takwas a samu wuri. Can ake ajiye injin ɗumama gida da tankin ruwan zafi da injin wanki, da duk tarkacen da uwargida ta hana a zubar.

Mun shiga gidan ƙarshen 2022. Bangon besmen ɗin kankare ne da aka zuba a katako, ba bulo ba, toka-toka haka ba filasta ba komai. Ni kuma kun san halinmu, bango ba fenti ai gini bai ƙare ba kenan, ido na ya kasa jurewa. Ga shi wata na biyu na fara jin wani ɗan wari-wari in na sauka, kwalin littattafaina da na jingina da bango gindinsa ya yi laushi. Hankalina ya tashi, sabon gida fa, bashin shekara 30 a wuyana. Na kira wani kamfanin masu gyaran besmen da ke tallan zuwa dubawa kyauta, ba zan faɗi sunansu ba. Wani saurayi ya zo tsaf-tsaf da 'yar na'ura a hannu, ya dinga manna ta a bango tana ƙara tit tit tit yana girgiza kai kamar likitan da ya ga mugun ciwo, ya nuna min hotunan gidajen mutane da fumfuna ta cinye baƙi ƙirin, ya tambaye ni yarana nawa, sannan ya fito da takarda, wai za su fasa daɓe gefe-gefe su sa bututu su liƙe bango da roba, kusan dala 9,000, amma in na sa hannu yau ɗin nan zai rage min kaza. Ni kuwa duk wanda ya ce min sai yau ko ba ragi to a nan ciniki ya mutu, na ba shi ruwa ya sha muka yi sallama.

Wanda ya cece ni maƙwabcina ne, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga aikin gini. Na ba shi labari ya yi dariya har da tari, yace in samo leda mai kauri in yanka kamar inci 18 kowane gefe in manna a bango da salatif duk kusurwa huɗu kar iska ta shiga, in bar ta kwana biyu. In ruwa ya taru a bayan ledar wato tsakaninta da bango to daga cikin kankare yake fitowa, in kuwa a fuskar ledar ya taru to raɓa ce kawai, iskar ɗakin ce mai danshi take haɗuwa da sanyin bango tana gumi, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke yi in ka fito da ita daga firij. Na manna a wuri huɗu. Uku ba komai sai ɗan duhun laima kaɗan a baya, ɗaya kuma ta kusurwar da ke bayan gida ta jiƙe sosai. Yace to ka ga, uku ɗin nan kankaren ne ke numfashi, ruwan da aka kwaɓa shi da shi ne yake fita a hankali, siminti yana yin ƙarfi a kwana 28 amma bushewa ta gaske sai ya kai shekara ko fiye, musamman da yake ɗaya gefen ƙasa ce ta rufe shi hanyar fita ɗaya ce wato cikin ɗakinka. In ka toshe wannan hanyar yanzu ina kake so ya bi? Ita kuma kusurwar can zo mu fita waje in nuna maka.

Muka zagaya baya, abin kunya wallahi. Indararon da ke sauko da ruwan rufi a nan kusurwar yake zubarwa, gindin bango daidai, ba ko ɗan bututun da zai kai shi gaba. Kuma ƙasar da aka cike ramin gini da ita ta lotsa ta yi kwari, wato maimakon ruwa ya gangara ya bar gida sai ya gangaro ya zo gida. Dokar gini ta nan cewa ta yi ƙasa ta sauka aƙalla inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko daga bango, tawa kuwa ta juye. Kuma ba ɗan ruwa bane fa, ruwan sama inci ɗaya tak a kan rufi mai faɗin murabba'in ƙafa 1,000 ya haura galan 600, ka raba wannan wa indararo huɗu ka ga abin da kowace kusurwa ke sha a dare ɗaya, ga ƙasar tsakiyar Ohayo laka ce mai riƙe ruwa kamar ta fadama. Na sayo bututun roba na ƙara wa kowane indararo ya kai ruwa ƙafa shida gaba, na sa aka kawo ƙasa na cike kwarin na daddaɓe, duka-duka bai kai kuɗin cefanen sati biyu ba. Bayan ruwa biyu masu ƙarfi na sake manna leda a kusurwar, ƙamas.

Na kira Yayana da ke gini a Zariya ina ba shi labari, yace ai kai ma ka sani ƙane, ko a nan in gindin katanga ya fara cin gishiri ba fenti ake fara nema ba, sai a duba ina ruwa ke kwanciya. Gaskiyarsa. Kuma farin garin nan mai kama da kanwa da muke gani a gindin katangu a gida shi ne dai na gani a kusurwar tawa, gishirin cikin siminti ne ruwa ke narkarwa ya fito da shi ya bushe ya bari. Ba fumfuna bace, in ka murza sai ya zama gari, amma shaida ce ruwa ya bi ta nan.

Abin da mutane da yawa basu sani ba, bangon sabon gida an riga an shafe shi ta waje kafin a mayar da ƙasa, doka ta wajabta, ko baƙin nan mai kama da kwalta ko kuma roba mai kauri in magini ya kyauta, sannan a gindin harsashi akwai bututu mai huji-huji kwance cikin tsakuwa da ke tara ruwa ya kai wani rami a besmen inda famfon samfam yake zuƙewa ya watsa waje. Wannan shi ne ainihin tsaron gidan. Fentin ciki ƙari ne kawai, ruwa ya riga ya ratsa kankare kafin ya iso gare shi. Ka tambayi maginin ka me suka shafa ta waje, ni da na tambaya har hotuna suka turo min.

Wani dalilin jiran kuma garanti. Yawancin magina a nan shekara ɗaya suke bayarwa kan ingancin aiki, biyu kan wayarin da famfo, goma kan ƙashin ginin. Kankare kuma in yana bushewa yana ɗan tsukewa dole ya yi siraran tsaga, yawanci daga kusurwar taga. Tawa ta fito wata na takwas, siririya kamar gashi daga taga har ƙasa, da aka yi ruwa mai iska na ga ta yi duhu. Na ɗauki hoto na aika, kafin cikar shekara suka zo suka yi mata allurar wani kumfa da ke kumbura ya cike tsagar har waje, ko sisi ban biya ba. Yanzu da na riga na lafta farin fenti mai kauri a kai yaushe zan gan ta? Ko na gani ma sai an kankare fentin kafin a yi aikin, kuma ka ba su bakin cewa kai ka taɓa bango. Shi yasa nake ce wa abokan nan nawa biyu su bar bango tsirara ya ga sanyi ɗaya, narkewar ƙanƙara ɗaya, da zafi ɗaya, duk abin da zai nuna ya nuna lokacin da gyara ke wuyan wani.

A tsakanin nan abin da ya kashe warin na'urar tsotse danshi ce. Na saya na haɗa mata tiyo zuwa magudanar daɓe don kar in dinga zubar da bokiti, na saita ta a kashi 50. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, cewa take danshin cikin gida kar ya kai kashi 60, an fi so tsakanin 30 da 50. Sati ɗaya wari ya tafi. Kuma na daina buɗe tagogin besmen da zafi wai in sha iska, ashe ni nake shigo da danshin da hannuna, iskar watan Yuli a nan jiƙe take sharkaf tana taɓa bango mai sanyi sai ta zama ruwa. Uwargida tace Baban yara ashe kai ne ɓarawon kake ta neman sawu.

To yanzu fentin kansa. Tsakiyar 2024 na yanke shawarar shafawa, ba don ruwa na shigowa ba, don ƙura. Kankare tsirara yana fitar da wata ƙura-ƙura, ga duhu, ga yara sun mayar da wurin filin wasa in sanyi ya hana fita. Drylok tsohon suna ne a nan, wani kamfani ne a garin Sikiranton na Fensilbeniya ke yin sa, ana samu a manyan shagunan kayan gini irin su Home Depot da Lowe's. Iri biyu na tsaya ina juyawa. Na asalin yana da yashi-yashi a jiki, an rubuta yana jure matsin ruwa fam 10 a kan kowane murabba'in inci, shi kuma Extreme santsi ne kuma 15 yake ɗauka, wanda suka ce daidai yake da tsayin ruwa ƙafa 33. Na ɗauki mai santsi ne kawai saboda yara, kar su dinga goge gwiwar hannu a bango mai kaushi, ba wai ina tsammanin ruwa ƙafa 33 a bayan gidana ba.

Lissafin yawa ku kula da shi don nan ne aljihu ke kuka. Galan ɗaya murabba'in ƙafa 75 zuwa 100 kawai yake rufewa, ba kamar fentin ɗaki da ke kai 350 ko 400 ba, kuma dole shafi biyu. Ni bango uku na yi, tsawonsu a haɗe ƙafa 80 tsayi 8, wato 640, na sayi manyan bokiti uku masu galan biyar-biyar kowanne kusa da dala 200, kuma sai da na kankare gindin na ukun tas kafin na kai ƙarshe. Wanda ya ce maka bokiti ɗaya zai ishi besmen bai taɓa yi ba ko kuma ya tsinka shi da ruwa, wanda kuma ba a so.

Shiri ya fi shafin wahala. Sai bango ya zama tsirara, in akwai wani fenti a kai ba zai kama ba don cikin ƙofofin kankaren yake shiga ya toshe. Na bi ko'ina da buroshin waya na kankare gishirin nan, na share ƙura, ƴan ramukan da sandunan ƙarfen katakon zubi suka bari na cike su da simintin gaggawa na kamfanin mai suna Fast Plug. Shi wannan ku kwaɓa kaɗan-kaɗan kamar curin fura, don minti uku zuwa biyar ya daskare, na farko da na kwaɓa rabin roba ina tsaye ina amsa waya na juyo na tarar da dutse, laifina ne an rubuta a jiki ban karanta ba. Sa takunkumi da tabarau lokacin kankara, ƙurar siminti ba abin wasa bace.

Da na buɗe bokitin sai na ga abu kamar kunun tsamiya da ya kwana, kauri kitif. Da sanda ba za ka iya juya shi ba sai da na sa abin motsawa a bakin injin huda. Shafin farko da buroshi mai tauri ake yi ana dannawa ana cusa shi cikin kowane ɗan huji, ba shafa-shafa ta sama ba, kuma in ka ja baya ka haska tocila a karkace za ka ga ƙananan huji kamar na allura da ka tsallake, dole ka koma ka cike su don ta nan danshi zai bi. Kafaɗata kwana uku tana min tsiya. Na biyun da rola mai gashi da yawa na yi bayan kamar awa uku, shi ya tafi da sauri. Warinsa da sauƙi, na ruwa ne ba na mai ba, buroshi ma da ruwa da sabulu na wanke, amma duk da haka na kunna fanka yara kuma na hana su sauka. Kar a shafa in sanyin bango ya yi ƙasa da digiri 50 a ma'aunin nan na Farenhait, kuma wanda na saya na bango ne ba na daɓe ba. Asabar da Lahadi biyu ya ci min.

Sakamako? Wurin ya yi haske kamar an ƙara fitilu, ƙura ta ɗauke, na'urar danshi ta rage yawan tashi, kuma har yau ban ga ko ɓawo ɗaya ya ɗago ba, na bi da hannu na ƙwanƙwasa har kusurwar nan mai tarihi. Yara sun zana masa kala na goge da tsumma ya fita. In maki ne zan ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan da na riƙe na tsada ne da ciwon kafaɗa. Amma ku lura bangon da na shafa wa busasshe ne tun kafin in shafa. Wani ɗan uwa a nan unguwar da gidansa tsoho ne na bulo ya sayi fentin bango na gama-gari ya lafta a kan jiƙaƙƙen bango, ko shekara ba a yi ba ya kumbura ƙuraje-ƙuraje yana zubowa. Bulo ma ya fi haɗari don cikinsa rami ne, ruwa na iya taruwa ya tsaya a ciki kai kana ganin fari tas ta waje kana murna.

Bango na huɗu ban shafa masa komai ba da gangan, nan nake so in fitar da ɗakin baƙi. Dattijon nan yace in za ka rufe bango da katako da allon silin to fenti ba shi ne abin nema ba, allon kumfa mai tauri ake mannawa a jikin kankaren kai tsaye a liƙe gaɓoɓinsa don iskar ɗaki kar ta taɓa sanyin bango, kuma kar in kuskura in sa audugar gilas a jikin kankare in rufe da leda ta ciki, danshi zai maƙale tsakani fumfuna ta yi gida ba ka gani sai dai hanci ya gaya maka.

Sai abu ɗaya da ba zan rufe ban faɗa ba, radon. Iska ce da ke fitowa daga ƙasa ba wari ba launi, ita ce ta biyu wajen jawo kansar huhu bayan sigari, kuma tsakiyar Ohayo na cikin wuraren da take da yawa. Wasu na ɗauka in sun shafa fenti sun toshe ta, EPA kuwa ta faɗa ƙarara liƙe tsaga da shafe bango kaɗai ba ya isa. Ɗan kayan gwaji ake saya mai arha a ajiye kwana kaɗan a aika, in ya kai 4 a ma'auninsu to a ɗauki mataki. Nawa ya ɗan haura, sa'a maginin ya riga ya bar bututu daga ƙarƙashin daɓe har rufi, fanka kawai aka ɗaura masa ya sauko ƙasa sosai. Tunda yara can suke yini wannan ya fi damuna a kan launin bango.

Shi abokina da ya fi matsa min, jiya na je gidan nasa da leda da salatif a aljihu, kafin mu sauka ƙasa nace mu fara zagayawa baya. Indararo biyu a gindin bango suke zuba, ɗayan ma har ya haƙa ɗan rami. Yace to fentin fa, nace Alhaji bari sai baɗi war haka, yanzu dai ɗauko mota mu je mu sayo bututu, shebur kuma akwai a gareji na.